Da mu aka yi waƙar, amma sunansa kaɗai ke kan takarda

Yaya, barka da aiki. Ni ke kaɗa jitar bes a wata ƙaramar ƙungiyar kiɗan rok, irin masu zaman kansun nan da ake kira indi. Mu huɗu ne: mawaƙi, mai jita, mai ganguna, sai ni. Shekararmu uku tare. Kowa na da aikin da yake yi da rana, da dare kuma mu haɗu a ɗakin da muke haya mu yi ta bugu har hannu ya yi kanta. Bana Allah ya ɗan ɗaga mu, wata waƙarmu ta fara yawo a intanet, har wani ƙaramin kamfanin faifai ya ce zai fitar mana da albam na farko. Da takardu suka zo sai na ga a gurbin marubuci sunan mawaƙinmu ne kaɗai, a duka waƙoƙi goma sha ɗayan. Na tambaye shi, ya ce ai shi ke zuwa da baitoci da kari, mu ado kawai muke yi. Yaya, waƙar nan da ta tashi, ranar da ya kawo ta sanyi ƙalau take kamar mai jin barci. Ni na ɗora mata bugun bes ɗin da jama'a ke kwaikwayo da baki in mun hau dandamali. Abokina ne tun muna makaranta, ba na son a ce kuɗi ya raba mu, amma abin yana cina. An ba mu mako uku mu sa hannu. In yi shiru ne, ko in fita?

Mai Bes

Ƙanena, kada ka yi shiru, kada ka fita, kada kuma ka sa hannu tukuna. Mako uku sun ishe ku yin maganar da kuka shekara uku kuna kauce mata.

Zan fara da abin da ba za ka so ji ba: abokinka bai yi maka ƙarya gaba ɗaya ba. A dokar mafi yawan ƙasashe, waƙa guda tana ɗauke da haƙƙin mallaka iri biyu. Akwai haƙƙin waƙar kanta, wato baitoci da karin da ake rera su da shi, abin da wani zai ɗauka ya rera da jita ɗaya a ɗakinsa, duk wanda ya ji ya ce ai waƙar su wane ce. Akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa, wannan ɗaukar da ku huɗu kuka yi a sitidiyo ranar kaza. A na biyun ba mai ja da kai, yatsunka ne a ciki. Na farkon ne ake zare wa juna ido a kai, domin galibi doka ba ta ɗaukar bugun ganga na yau da kullum, ko jerin sautukan jita da kowa ke amfani da su, a matsayin kayan wani. Abin da abokinka ya kira ado ke nan, kuma akwai lauyoyi da yawa da za su gyaɗa masa kai.

Me ya sa wannan gurbin ya fi sauran tsada? Domin kuɗin sautin da aka naɗa sai kamfani ya fara cire abin da ya kashe kafin ku ga ko sisi, kuma ƙungiyoyi da dama har su watse ba su gama biyan wannan bashin ba. Kuɗin marubuci kuwa ta wata ƙofa daban yake shigowa. In wani ya sake rera waƙar, marubuci ake biya. In an kaɗa ta a rediyo ko a wurin taro, hukumomin karɓar kuɗin haƙƙi, irin su PRS a Birtaniya, ASCAP da BMI a Amurka, SACEM a Faransa, su karɓa su aika wa wanda sunansa ke rajista. A Amurka ma gidajen rediyo na AM da FM marubuta kawai suke biya, wanda ya kaɗa ba ya samun komai. Sannan a Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai haƙƙin marubuci yana kai wa shekara 70 bayan rasuwarsa. Ka ga ke nan ba maganar albam ɗin bana kuke yi ba, maganar gadon jikoki ce.

Ni ganau ne, ba jiyau ba. Shekara shida na yi ina buga ganguna a wata ƙungiya da ba ta kai ko'ina ba. Ina tuna wani dare bayan mun sauko daga wasa, wajen ƙarfe biyu, muna zaune a bayan mota tsakanin lasifikoki, mai jitarmu ya zazzage kuɗin riguna da muka sayar a kan murfin akwatin ganga, ya kasa su gida huɗu, har tsabar da ta rage sai da aka raba. Daren nan na kwanta ina jin ba wanda ya kai mu adalci. Sai bayan shekara biyu na gane akwai wata ambulan da ke zuwa lokaci-lokaci, kuma gida ɗaya take zuwa. Bai ɓoye mana ba, mu ne ba mu tambaya ba. Da na tashi tambaya, na yi ta da fushi, a gaban baƙi, kuma daga ranar ba mu sake rubuta waƙar kirki tare ba. Shi ya sa na ce maka kada ka yi shiru. Shirun ba ya kashe maganar, ajiye ta yake yi sai ranar da za ta fito a mummunar siga.

Manya ma sun sha wannan ɗacin. The Smiths, ƙungiyar birnin Mancesta da duk mai kiɗan indi ya san da zamanta, sun fara a 1982 sun watse a 1987. Morrissey da Johnny Marr su ne marubuta, ba wanda ya yi musun wannan. Amma har kuɗin faifai da na wasanni su biyun kowa kashi 40 cikin 100 yake ɗauka, mai bes Andy Rourke da mai ganguna Mike Joyce kowa kashi 10. Ba wata takarda bayyananniya da aka rubuta tun farko. Da Rourke da Joyce suka kai ƙara, Rourke ya karɓi fam 83,000 ya janye. Joyce ya tsaya kai da fata, a 1996 babbar kotu a Landan ta ba shi gaskiya, ta ce kashi 25 ne haƙƙinsa, abin da ya kai kimanin fam miliyan 1. Ya ci shari'a, amma mutanen nan huɗu ba su ƙara hawa dandamali ɗaya tare ba. A ƙungiyar Spandau Ballet kuwa akasin haka aka yi: uku daga cikinsu suka kai marubucin waƙoƙinsu, Gary Kemp, kotu a kan kuɗin rubutun waƙoƙi, suna cewa akwai alkawarin baka a tsakaninsu, a 1999 alƙali ya kori ƙarar. Alkawarin baka, in shekaru sun ja, kowa da yadda yake tuna shi.

Shari'ar da ta fi kama da taka ita ce ta ƙungiyar Procol Harum. Waƙarsu da ta fi shahara ta fito a 1967, kuma abin da ke fara zuwa kan duk wanda ya san ta shi ne kiɗan ogan, wani abin kiɗa mai kama da piyano, da ke buɗe ta. Mai kaɗa ogan ɗin, Matthew Fisher, ba a sa sunansa cikin marubuta ba. Sai a 2006 kotu ta ba shi kashi 40 cikin 100 na haƙƙin kiɗan, aka yi ta ɗaukaka ƙara har 2009 kafin kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokacin ta tabbatar masa. Wato doka na iya yarda cewa abin da aka kira ado wani lokaci shi ne ginshiƙin ɗakin. Amma dubi shekarun da ya jira, sama da arba'in. Ba na yi maka fatan wannan nasarar.

Ga gwajin da nake ba makaɗa, ka yi shi kai kaɗai kafin ka tunkari kowa. Ɗauki waƙoƙin nan goma sha ɗaya, ka saurari kowace a ranka ba tare da bes ɗinka ba, kamar wani baƙo ne ke rera ta da jita ɗaya. In waƙar tana nan daram, ba abin da ya ɓace sai armashi, to a wannan ado ka yi, ka amsa da zuciya ɗaya. In kuwa kunne yana jiran wani abu da bai zo ba, in jama'a za su fara kwaikwayon bugun da bakinsu don cike gurbin, to a wannan kana cikin marubuta. Ina zargin za ka samu biyu ko uku irin na biyun, ba goma sha ɗaya ba. Ka riƙe wannan adadin, shi ne gaskiyarka, kuma ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ka yi wa mai ganguna da mai jita irin wannan lissafin, don ba kai kaɗai aka bari a waje ba, kai ne dai ka karanta takardar.

Yanzu ka zauna a kujerar abokinka na ɗan lokaci, don wasiƙarka ta wuce ta kansa da sauri. Ku kuna zuwa ɗakin kiɗa ku tarar da abin yi. Shi kuwa kafin ya zo ya kwana nawa yana fama da farar takarda? Baiti nawa ya yaga? Waƙa ashirin zai fara kafin ya samu ɗaya da zai iya nuna muku ba kunya, kuma abin da ke cikin baitocin sirrinsa ne, rabuwarsa da wata, tsoronsa, abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, ya tsaya gaban mutane yana tona kansa. In waƙar ta faɗi, fuskarsa ake tunawa. Mutumin da ke wannan hali in ya ji an ce a raba daidai, abin da kunnensa ke ji shi ne dararen da ya yi bai yi barci ba ba su da daraja. Haka ta faru a ƙungiyar Nirvana: da farko suna raba kuɗin rubutu daidai, da albam ɗinsu na biyu ya yi fice, a 1992 mawaƙinsu Kurt Cobain ya nemi a sake lale, ya ɗauki kaso mafi tsoka har da na abin da ya riga ya shigo, kuma saura ƙiris ƙungiyar ta tarwatse a kan haka. Rabon da ɗaya ke ganin an cuce shi ba ya ɗorewa, ko da wanda aka cuta ɗin shi ne mai rubutun.

Duk da haka, in ka tambayi ra'ayina, ina tare da masu sa sunan kowa. 'Yan ƙungiyar R.E.M. sun fara a 1980 a jihar Jojiya ta Amurka, ƙaramin kamfani ne ya fitar da faifansu na farko, kuma tun daga tushe suka yanke cewa kowace waƙa sunayen su huɗu za ta ɗauka, ko wa ya kawo ta. Sun yi shekara 31 kafin su ajiye a 2011, cikin mutunci. 'Yan ƙungiyar Queen kuwa sun daɗe kowa na sa sunansa a tasa waƙar, ana jayayya a kan ta wa za a fitar, sai a albam ɗinsu na 1989 suka koma sa sunan ƙungiya a kan duka. Abin da ya sa nake son wannan tsarin bai tsaya a kan adalci ba, ya shafi ingancin waƙar kanta. In kuɗi na bin sunan marubuci, kowa zai riƙa tura tasa waƙar cikin albam ko da ta wani ta fi ta. Mai bes da ya san ba shi da kaso zai fara ɓoye kyawawan bugunsa yana tara wa kansa, ya ba ƙungiya ragowa. Za a daina cewa "cire wannan baitin, bai zauna ba," don gyara ya zama neman kaso. Ɗakin da ake lissafi a cikinsa ba a cika samun waƙa mai rai a ciki ba. Kai ma ka duba zuciyarka, tun ranar da ka ga takardar nan, ka kawo sabon abu?

Ba dole sai an raba daidai-wa-daida ba. Hanyar da na ga ta fi zama lafiya ga ƙungiya irin taku ita ce a tsaga waƙa gida biyu: rabi na baitoci, wanda ya rubuta su ya ɗauka shi kaɗai, rabi na kiɗa, a raba wa duk wanda ke ɗakin ranar da waƙar ta tashi tsaye. A ku huɗu, abokinka zai tashi da kashi 62.5 cikin 100, ku ukun kowa 12.5. Ya fi kowa nesa ba kusa ba, kuma ya cancanta, amma ba wanda ya tashi hannu rabbana. Wasu kuma suna barin sunan marubuci yadda yake a bangon faifai, don wani sunan ya fi damunsa a kan kuɗin, sai su rubuta cewa wani kaso na kuɗin rubutu zai riƙa shiga asusun ƙungiya muddin ana tare. Ka lura da wanne abokinka ya fi riƙo da shi, sunan ko kuɗin. Sau da yawa wanda ya ƙi sakin ɗaya yana sakin ɗayan cikin sauƙi.

Yadda za ka ɗauko maganar ya fi abin da za ka nema muhimmanci. Kada ka yi ta a ɗakin kiɗa da jita a wuya, kada ka yi ta a mota bayan wasa kowa ya gaji, kada ka yi ta ta saƙon waya. Kada kuma ka fara haɗa kai da sauran biyun a bayan idonsa, ya shigo ya tarar an gama shari'a, ranar za ka rasa aboki ko da ka samu kaso. Ka same shi ku biyu, da rana. Ka fara da abin da yake nasa, ka faɗe shi da bakinka: baitocin nan naka ne, ba mai taɓa su. Sannan ka yi masa tambaya ɗaya, ka yi shiru ka jira amsa: mu ƙungiya ce, ko kai mawaƙi ne mu kuma makaɗanka? Duka biyun sana'a ce mai mutunci. Amma makaɗin haya ana biyansa kuɗin kowane wasa da kowane zaman sitidiyo, ba ya zuba kuɗinsa a hayar ɗaki da man mota, ba ya ɗaukar hutu ba albashi a wurin aikinsa don a je wasa garin da mutum goma sha biyu za su zo kallo. Ku kun shekara uku kuna ɗaukar asara irin ta abokan tarayya. Ba zai yiwu ranar asara ku zama abokan tarayya, ranar riba ku koma 'yan amshi ba. Kada ka nemi kason waƙar da ta tashi ita kaɗai, zai zama kamar ka hango kuɗi ne. Ka nemi ƙa'ida da za ta hau kan kowace waƙa, ta jiya da ta gobe, har da wadda kai za ka kawo wata rana su kuma su yi mata ado.

Abin da kuka amince a kai ku rubuta shi a ranar, shafi ɗaya ya isa: sunan waƙa, sunan kowa, kason kowa, jimla ta cika 100, kowa ya sa hannu da kwanan wata. Kowannenku ya yi rajista da hukumar karɓar kuɗin haƙƙi ta ƙasar da kuke, kuma alƙaluman da za ku ba ta su zama iri ɗaya, don in sun saɓa riƙe kuɗin ake yi har sai kun daidaita. Tunda an zauna, ku ƙarasa sauran: sunan ƙungiya na wa ne in an rabu, wanda ya fita me zai ci gaba da samu, kayan da aka saya da kuɗin kowa ina za su. Daga yau kuma ku riƙa ajiye waya a tsakar ɗaki tana naɗar duk zaman da kuka yi. Amfaninta biyu ne, tana kama bugun da ya zo sau ɗaya ya ɓace, tana kuma tuna wa kowa wa ya fara kawo me.

Takardar kamfanin ma kada rigimar cikin gida ta sa ku manta da ita. Ku haɗa kuɗi ku kai wa lauyan da ya san harkar kiɗa, ba lauyan kamfanin ba, ba kuma ɗan'uwan wani da ke shari'ar filaye ba. Ya duba muku ko sayar da sautin kuke yi har abada ko aro ne na wasu shekaru, me za a cire kafin a fara raba riba, kuɗin kafin alƙalami nawa ne kuma daga ina za a zare shi. Kamfanin faifai na Rough Trade ya yi suna tun farkonsa da raba riba biyu daidai tsakaninsa da makaɗa, kuma ƙananan kamfanoni da yawa sun bi wannan sawun, don haka ba rashin kunya ba ne ku tambaya. Abu ɗaya da zan ja kunnenku a kai: in kun ga kamfanin faifai ya cusa hannu har cikin haƙƙin rubutun waƙoƙin, ku tsaya. A nan kai da abokinka gefe ɗaya kuke, kuma ba laifi ka nuna masa haka, zai gane ba abokin gaba ne ya zo masa ba. Mako ukun nan ma ba wahayi ba ne. Kamfanin da ke son ku da gaske zai ƙara muku mako biyu in kun ce lauya na dubawa.

Kada kuma ka sa ran wani abin kirki zai shigo nan kusa. Tun 2024 Spotify, dandalin sauraron waƙa a intanet, ba ya biyan kuɗin sauti a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, kuma yawancin ƙananan ƙungiyoyi da kuɗin wasa da na riguna suke numfashi. Kada ka bar aikinka na rana. Wannan ƙarancin shi ne sa'arku: yanzu kashi 12.5 na kusan babu ne, bayar da shi ba ya ciwo. In waƙar ta shiga wani fim ko talla, bakin kowa zai yi nauyi.

In ka yi duk wannan ya ce a'a, shi kaɗai ne marubuci kuma ba ya sakin komai, to ya amsa tambayarka, kai makaɗinsa ne. Sai ka zaɓa da ido buɗe. Kana iya zama a kan sharaɗin makaɗi, a biya ka aikinka, kasonka na sautin da aka naɗa ya shiga takarda, kyawawan bugunka kuma ka fara gina naka da su. Kana iya gama albam ɗin da wasannin da aka riga aka yi alkawari, ka yi sallama ba tare da ka bar su a rana ba. Waƙar nan guda da jama'a ke kwaikwayo kuwa, ko me aka yanke a kan sauran, kada ka sa hannu a takardar da ta ce ba ka da komai a cikinta, ka faɗa wa lauyan haka tun zaman farko.

Ka rubuto min yadda kuka ƙare. Ka haɗo da waƙar kuma, ina son in ji bes ɗin nan da kunnena.